Lagireton tururin da ya mutu alhali ko bututu ɗaya bai fashe ba

Ɗan yatsana ne ya fara gaya mini ciwon lagireton nan, wato jerin bututun tururi da suke ɗumama iska a wata masaƙa, tun kafin in kalli geji. An kashe tururi tun daren jiya, ƙarfe ya huce, sai na zura hannu ta ƙofar dubawa na kama fiffike ɗaya, wato siririn fallen da yake kewaye da bututu domin ya watsa zafi, na murza. Ya juya a jikin bututun kamar zobe a yatsan wanda ya rame. Na kama na kusa da shi, shi ma haka. Na bi layin gaba ɗaya, daga bututu na farko har na takwas, da ƙyar na sami wurin da fukafukan suka riƙe. Shugaban masu gyara na masaƙar, dattijon da ya fi ni daɗewa da tururi nesa ba kusa ba, yana tsaye a bayana da tocila a hannu.

"Injiniya, ai na faɗa musu," in ji shi. "Zafin yana ciki, fitowa ne ba ya yi."

Wannan maganar tasa ita ce rabin rahoton da na rubuta daga baya.

Aikin da aka ɗora wa lagireton

Wurin ɗakin busar da yadi ne bayan rini. Fanka tana jawo iska kimanin kilo 5 a kowane daƙiƙa, ta tura ta tsakanin bututun lagireton, iskar ta tashi daga digiri 30 zuwa 90, sannan ta shiga ɗakin. Wannan aikin yana cin zafi na kilowat 300. Tukunyar masaƙar tana ba da tururi a matsin bar 10 (bar ma'aunin matsi ne), kuma tururi a wannan matsi zafinsa digiri 184 ne, ba 100 ba kamar na tukunyar da take buɗe. Kowane kilo na tururin idan ya koma ruwa yana sakin zafi kusan kilojul 2,000, ke nan lagireton yana shan tururi kilo 540 a awa, yana kuma fitar da ruwa kilo 540 a awa. Mutane sun fi tuna adadin farko, su manta na biyun, alhali adadi ɗaya ne.

Lagireton da aka kafa tun farko bututu 16 ne, kowanne tsawon mita 3, faɗinsa milimita 25.4, kaurin jikinsa milimita 2.11, an jera su layi biyu. An naɗe kowanne da siririn falle na alminiyam mai kaurin milimita 0.4, fiffike 433 a kowace mita. A takarda lissafin ya fita daidai, har da rara. Watannin farko ma ya yi aiki yadda ake so. Da shekara ta zagayo sai ƙorafi uku suka taru: iska ba ta wuce digiri 75 ko an buɗe bawul gaba ɗaya, kullum da safe sai an ji duka a cikin bututu kamar ana sara da guduma, sannan wurare biyu sun fara yoyo a inda bututu ya haɗu da uwar bututu, wato babban bututun da duk ƙananan suke haɗuwa a jikinsa.

Manajan masaƙar ya riga ya yanke hukunci kafin in iso. A ganinsa matsi ne ya fi ƙarfin kayan, don haka a ƙera wani irinsa sak, amma a ninka kaurin bututu. Ban ga laifinsa ba. Duk wanda ya ji an ce tsarin mai matsi ne mai yawa, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne fashewa, kuma tsoron yana da tushe. A ranar 20 ga Maris 1905 tukunyar tururi ta fashe a wata masana'antar takalma a garin Brockton na jihar Massachusetts a Amurka, mutum 58 suka rasu. Irin waɗannan musibu ne suka sa ƙungiyar injiniyoyi ta ASME ta fito da kundin dokokin tukwanen tururi na 1914, wanda har gobe ake aiki da jikokinsa. Amma tukunya daban, bututu daban. Ƙarfin da matsi yake yi wa jikin ƙarfe yana ƙaruwa ne da faɗin abin. Tukunya mai faɗin mita biyu tana ɗauke da kaya mai nauyi, siririn bututu kuwa kusan wasa yake yi. Angier March Perkins ya gane haka tun 1831 a Landan, lokacin da ya yi rajistar tsarin ɗumama gine-gine da ruwa mai tsananin zafi da matsi a cikin ƙananan bututu masu faɗin inci guda.

Na zauna da manajan na yi masa lissafin a gabansa. Bawul ɗin kariya na tukunyar yana buɗewa a bar 12, don haka da 12 za a yi zane. A ninka matsin da faɗin bututu, a raba da ninki biyu na ƙarfin da aka yarda ƙarfen ya ɗauka, wato kimanin megafaskal 100 (megafaskal ɗaya daidai yake da bar 10). Amsar ita ce milimita 0.15. Bututun da yake zargi da rauni ya ninka abin da matsi yake nema har sau goma sha huɗu. Ya daɗe yana kallon takardar. Na ce masa, ranka ya daɗe, in muka ninka kauri muka bar sauran yadda suke, an bar jaki ne ana dukan taiki, kuma baɗi war haka za ka sake kirana.

Inda fiffike ya rabu da bututu

Dalilin sa wa bututu fukafukai shi ne rashin daidaito tsakanin ciki da waje. Tururi idan yana komawa ruwa a jikin ƙarfe, zafi yake zubawa ba ƙaƙƙautawa, dubban wat a kowace murabba'in mita kan kowane digiri na bambanci. Iska kuwa raguwa ce wajen karɓa, ko da fanka tana kora ta da wuya ta wuce wat 50 zuwa 60. Tunda ba za a iya sa iska ta yi kuzari ba, sai a faɗaɗa mata wurin taɓawa. Mita ɗaya ta bututu tsirara fuskarta murabba'in mita 0.08 ce kacal. Da fukafukan alminiyam ɗin nan sai ta kai wajen 1.8, ninki ashirin da 'yan kai. Amma duk wannan faɗin ba shi da amfani sai zafi ya tsallaka daga ƙarfen bututu ya shiga gindin fiffike. Wannan 'yar mahaɗar, wadda ido ba ya ko gani, ita ce ƙofar da kilowat 300 suke bi.

Fukafukan da aka sa irin waɗanda ake naɗawa ne. Ana lanƙwasa gindin fallen ya yi ƙafa kamar harafin L, a ja shi da ƙarfi a naɗe bututun da shi, a ɗaure bakin biyu. Babu walda, babu rami, ɗamewar naɗin ce kaɗai take riƙe da shi. Yana da arha, yana da sauri, kuma a tsarin ruwan zafi na digiri 80 ko 90 zai yi shekaru lafiya lau. Da na bincika sai na tarar wanda ya ƙera lagireton a irin wannan aikin ya ƙware. Duniyarsa ita ce ta ɗumama ɗakuna, inda ƙa'idar Turai ta EN 442 take auna lagireto da ruwa mai shiga a digiri 75 ya fita a 65, kuma ita kanta ƙa'idar ba ta hau kan abin da ya kai digiri 120 ba. Ya ɗauko abin da ya sani ya kawo inda ba muhallinsa ba. Ya duba cewa bututu zai ɗauki bar 10, ya manta cewa bar 10 tafe yake da digiri 184.

Ga yadda abin yake faruwa. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe: kimanin kashi 23 cikin miliyan a kowane digiri, shi kuma ƙarfe 12. Daga sanyin ɗaki zuwa zafin tururi akwai digiri 164. A kan faɗin milimita 25.4, zoben alminiyam yana so ya fi bututun buɗewa da kusan milimita 0.05. Da farko ɗamewar naɗi tana shanye wannan bambanci. Amma masaƙar tana kunna tururi da asuba ta kashe da dare, kullum ƙarfe ya buɗe ya tsuke, alminiyam kuma a wannan zafi yana saki a hankali ba ya komawa yadda yake. Bayan ɗaruruwan kwanaki sai a sami 'yar tazara ta iska tsakanin ƙafar fiffike da bututu. A ce kaurinta milimita 0.02 ne, bai kai kaurin gashin kai ba. Iska mugun bargo ce, abin da take wucewa da shi na zafi bai kai kashi ɗaya cikin dubu na baƙin ƙarfe ba. Da na saka wannan 'yar tazara a lissafi, sai aikin lagireton ya faɗi da kusan kashi 30 cikin ɗari. Danshin ɗakin rini kuma ya samu hanya, ya shiga ƙarƙashin ƙafar, tsatsa ta fara cin bututun daga waje ta ƙara tazarar. Mun warware naɗin wani bututu a kan benci, muka tarar da jan gari kwance a ƙarƙashinsa kamar an barbaɗa.

Ba sabon ilimi ba ne wannan. Ƙa'idar API 661, wadda matatun man fetur suke bi wajen na'urorin da iska take sanyayawa, ta ɗora wa fiffike mai ƙafar L iyakar digiri 130. Wanda aka dasa a cikin ɗan ramin da aka tsaga a jikin bututu ta ba shi 400. Wanda aka matso daga rigar alminiyam da aka sa wa bututu ta ba shi 300. Lagireton masaƙa ba ya ƙarƙashin wannan ƙa'ida, amma ƙarfe bai san sunan masana'antar da yake aiki a ciki ba, kuma ni a nan nake fara duba duk zanen da aka kawo mini.

Sai ƙurar zare. Tsakanin fiffike da fiffike bai kai milimita 2 ba, ɗakin kuma cike yake da ɓurɓushin auduga. Fuskar layin farko ta zama kamar an shimfiɗa mata bargo. Masu gyara sun gwada wankewa da ruwa mai ƙarfi, fallen milimita 0.4 ya kwanta kamar ciyawa bayan iska, ya ƙara toshe hanyar. Daga nan suka daina taɓawa.

Yoyo da dukan safiya

Tsagewar walda ba ta ɗauke mu lokaci ba. An ɗaure uwayen bututu biyu, ta shiga da ta fita, tam a jikin firam da noti. Bututu mai mita 3 yana ƙara tsawon kusan milimita 6 idan ya ɗauki zafin tururin nan. Idan aka hana shi miƙewa, ƙarfin da yake taruwa a jikinsa yana dosar megafaskal 390, alhali irin wannan ƙarfen yana fara lanƙwasa tun bai kai 250 ba. Da muka ɗora zare a kan layin sama, duk bututun sun yi doro. Abin da doro bai shanye ba, walda ce ta sha, kullum sau ɗaya, har ta gaji.

Dukan safiya shi ne ya fi ba ni wahala, domin tarkon tururin lafiyarsa ƙalau. Tarkon tururi wata 'yar na'ura ce da take barin ruwa ya fita ta tare tururi. Mun kwance shi, mun wanke, babu abin da ya same shi. Dattijon ne ya ja hannuna ya nuna mini bututun da yake mayar da ruwa tukunya. Daga tarkon, bututun ya miƙe sama mita 4 kafin ya haɗu da babban layi a rufi. Kowace mita 10 ta ruwa a tsaye daidai take da bar ɗaya, ke nan tarkon yana buƙatar aƙalla bar 0.4 a bayansa kafin ya iya tura ruwa sama. Lokacin da ake busar da yadi mai kauri, bawul a buɗe yake, matsi ya wadata. Amma idan aka sa yadi mara nauyi aka rage zafi, bawul yana tsukewa, matsin cikin lagireto ya sauka. Da zarar zafin tururin da ake buƙata ya yi ƙasa da digiri 110, matsin bai isa ya ɗaga ruwan ba. Sai ruwa ya taru, ya cika bututun ƙasa, ya huce. Da dare kuma idan aka rufe, ragowar tururi ya koma ruwa, wurin da ya bari ya zama fanko mai zuƙa, har ya jawo ruwan layin sama ya dawo. Da asuba a buɗe tururi mai bar 10 a kan wannan tafki. Tururin yana shiga cikin ruwan sanyi ya mutu nan take, ruwa ya rufto ya cike gurbin da gudu, ya daki ƙarfe. Wannan ne sautin gudumar.

Akwai ɓarnar da ta fi dukan, wadda ba ta da sauti. Bututun da ruwa ya cika yana iya zama a digiri 70 alhali maƙwabcinsa na sama yana 180, kuma duka biyun a jikin uwa ɗaya aka yi musu walda. Ɗaya yana miƙewa, ɗaya yana tsukewa. Ko an saki uwar bututu ta yi motsi, wannan jayayyar ba ta warwaruwa sai an fitar da ruwan. Mun yanka bututun ƙasa biyu a tsaye, muka ga wata kwari ta bi ƙasansu daga farko har ƙarshe, sumul kamar an zana da wuƙa. Aikin iskar kabon ce da take fitowa daga ruwan tukunya, ta biyo tururi, ta narke a ruwan da ya kwanta ta mayar da shi mai tsami. Ruwa ba ya tsami banza, a nan kuwa har dalilin mun gani da ido.

Sabon zane, da gardamar da aka yi a kansa

Kan fukafukai muka fi daɗewa. Abokin aikina ya tsaya a kan alminiyam da aka matso daga riga. Hujjarsa mai ƙarfi ce: ana zura bututun ƙarfe a cikin bututun alminiyam, a bi da su ta tsakanin fayafayai masu juyawa da suke matse rigar su tayar da fukafukai daga jikinta, don haka babu gindin da zai saki, rigar kuma tana kare ƙarfen daga danshi. Da mun bi wannan, bututu 16 sun isa, firam ɗin da fankar duk ba za a taɓa su ba. A ɗaki mai tsabtar iska da shi zan tafi ba tare da wani dogon tunani ba.

Na zaɓi fiffiken baƙin ƙarfe da aka yi wa walda saboda ƙurar zare da kuma hannun masu wanki. Lagireton da ba a iya wankewa a masaƙa matacce ne, ko da me aka yi shi. Muka tsayar da falle mai kaurin milimita 1, tsayinsa 12.5, fiffike 200 a mita, wato tazarar milimita 4 a tsakani. Tsayin ba da ka muka zaɓe shi ba. Baƙin ƙarfe yana wuce da zafi kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na alminiyam, don haka bakin fiffike yana fin gindinsa sanyi, kuma iya tsayinsa iya sanyin. A milimita 12.5 fiffiken yana ba da kusan kashi 88 cikin ɗari na abin da zai bayar da a ce duk jikinsa zafi ɗaya ne da bututu. Da mun ninka tsayin, da adadin ya sauko wajen 60 da 'yan kai, mu sayi ƙarfe mai yawa da ba ya aikin komai sai tara ƙura da nauyi.

Kuɗin wannan zaɓi a fili yake. Fuskar kowace mita ta sauko daga 1.8 zuwa 0.66, don haka aka koma bututu 32 a layi huɗu. Kaurin bututu mun ɗaga shi zuwa milimita 2.77, marar ɗinki. Manajan ya yi murmushi da ya ga haka, sai na bayyana masa cewa ƙarin na tsatsa ne da na walda, matsi bai nemi ko ɗigo a ciki ba. Rarar da muka bari a lissafi ba ta kai kashi 20 cikin ɗari ba, da gangan. A tsarin tururi yawan rara cuta ce: lagireto idan ya yi girma fiye da aikinsa, bawul zai riƙa zama a tsuke, matsi ya yi ƙasa, ruwa ya riƙa kwanciya fiye da da.

Sauran gyare-gyaren ba su jawo musu ba. An raba lagireton gida biyu, kowane layi biyu da uwayensa da tarkonsa. Uwar shiga an ɗaure ta, uwar fita an ɗora ta a kan ƙafa mai zamiya da ramin noti mai tsawo, da sararin milimita 10. Bututun sun karkata santimita ɗaya a kowace mita zuwa wajen fita. Tarko mai ƙwallon da take yawo kan ruwa a ciki, irin wanda yake zubar da ruwa ba tsayawa, an sauke shi rabin mita ƙasa da bakin fita. An sa bawul mai barin iska ta shiga idan fanko ya samu, da wani mai fitar da iskar idan tururi ya dawo. Ruwan kuma ya daina hawa rufi da ƙarfin kansa: yana gangarowa cikin ƙaramin tanki, famfo ya ɗaga shi.

A wajen ƙira

Waldar fiffike ba irin ta mai riƙe da sanda da gilashi ba ce. Bututu yana juyawa yana tafiya, falle yana shigowa a tsaye a kan gefensa, wutar lantarki mai kaɗawa kusan sau 400,000 a daƙiƙa tana bin fatar ƙarfen biyu ta tattaru daidai inda za su haɗu. Wurin ya yi ja, naɗi ya danna su, su zama abu ɗaya ba tare da an ƙara wani ƙarfe ba. Ruwa yana zuba a kai, tartsatsi yana tashi, bututu mai mita 3 ya fito cikin 'yan mintuna.

Daga waje duk walda kyakkyawa ce, shi ya sa na sa a sharaɗi cewa a kowane rukuni za a yanki guntu a duba. A rukunin farko mai kula da injin ya kama fiffike da filaya ya lanƙwasa shi gaba da baya. A wuri mai kyau fallen ne yake yagewa ya bar gindinsa manne da bututu. A wannan guntun sai ya ɓalle fit, ya bar tabo mai launin toka, rabin faɗinsa kawai ya kama. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Injiniya, bututun nan ba a goge shi sosai ba." Gaskiyarsa ce. Ɓawon da ƙarfe yake fitowa da shi daga masana'anta ya rage a wasu wurare, wuta kuma ba ta haɗa ƙarfe ta kan ɓawo. Aka mayar da bututu shida, aka sake goge sauran da yashi mai ƙarfi har suka yi fari, aka rage gudun injin kaɗan. Rukuni na biyu duk inda muka lanƙwasa fallen ne ya yage.

An bar santimita 5 tsirara a kowane bakin bututu domin mai walda ya sami wurin aiki. Mahaɗar bututu da uwa an yi ta hawa biyu, na farko da waldar iskar argon domin gindin ya narke ya ratsa, kuma kowace ɗaya daga mahaɗa 64 an shafa mata jan ruwa mai shiga tsaga, aka goge, aka fesa farin hoda a ga ko ja zai ɓullo. Biyu sun nuna ɗigo, aka tone aka sake.

Saboda danshin ɗakin rini muka tsoma lagireton a tutiya, wato ƙarfen da ake lulluɓe baƙin ƙarfe da shi domin hana tsatsa, waje kaɗai. Narkakkiyar tutiya tana wajen digiri 450, kuma tsoma rufaffen abu a cikinta haɗari ne babba, domin ɗan danshin da ya rage a ciki zai zama tururi nan take. Sai aka haɗa wa kowane sashe dogayen bututun shaƙa da suka fito sama da kwamin, ciki yana numfashi, tutiya ba ta shiga. Ba ma son ta a ciki, domin ba ta jure ruwan zafi. A waje kuma iyakarta wajen digiri 200 ne idan zafin na dindindin ne, mu kuwa ko bawul ɗin kariya ya kai ga buɗewa, tururin bar 12 bai wuce digiri 192 ba. Tazarar kaɗan ce, na rubuta ta ɓaro-ɓaro a takardar miƙa aiki domin kada wata rana a ɗaga matsin tukunya ba a waiwayi lagireto ba.

Gwajin matsi da ruwa aka yi shi, sau biyu, kafin tutiya da bayanta, a bar 18, ninki ɗaya da rabi na matsin zane. Dokar Tarayyar Turai ta 2014 kan kayan matsi tana neman aƙalla ninki 1.43, don haka mun haye. Ana amfani da ruwa ne domin ba ya matsuwa: in wuri ya tsage, 'yan ɗigo ne za su fito matsi ya faɗi. Iska da aka matse zuwa bar 18 kuwa in ta sami hanya, da ƙarfe take tafiya. Rabin awa allurar geji ba ta motsa ba.

Kuskurena ya fito ne ranar kafawa. Na lissafa nauyin sabon lagireton, na ƙarfafa firam, amma na ɗauka cewa faɗin tazarar fukafukai zai rama ƙarin layi biyu, fankar da take nan za ta isa. Ba ta isa ba. Iskar da muka auna ta gaza abin da ake so da kusan kashi ɗaya cikin goma, ta fito da zafi fiye da kima amma ba ta da yawan da zai kwashe danshin yadi. Sai da aka canza fulin fankar, wato faifan da bel yake juyawa, aka ƙara mata gudu, aka duba cewa motar tana da sauran ƙarfi. Kwana biyu masaƙar ta yi asara a kan abin da ya kamata in gani tun a tebur, kuma na faɗa wa manajan haka da bakina.

Ranar da aka buɗe tururi na zo tun kafin asuba. Dattijon ya buɗe ƙaramin bawul na ɗumamawa, muka tsaya muna sauraro. Iska ta fita da 'yar shewa, tarko ya fara zubar da ruwa a tanki, babu duka. Na sa alama da alli a ƙafar uwar fita tun ƙarfe yana sanyi. Bayan minti ashirin ƙafar ta zame ta bar alamar da kusan milimita 6. Iska ta kai digiri 90 bawul bai gama buɗewa ba.

Abu ɗaya ya rage wanda ba a hannun maƙeri yake ba, wato tsamin ruwan da yake dawowa. Kaurin da muka ƙara jinkiri kawai zai saya idan ba a gyara ruwan tukunya ba. Na roƙi a riƙa auna ruwan tankin kowane mako, kuma muka saka wani guntun bututu mai noti a layin fita, irin ƙarfen lagireton sak, wanda za a iya kwancewa a yanka a duba ba tare da an taɓa lagireton ba. Dattijon ya rubuta ranar da za a fara cire shi da fenti a jikin firam, wata shida daga ranar, ya mayar da gwangwanin fentin cikin akwatinsa.